Akawun Ɗakin Majinyata: Sana'ar da Ba Mu Cika Nuna wa 'Ya'yanmu Ba

Jawabin da aka gabatar a taron reshe kan zaɓen sana'a ga ɗaliban da suka kammala sakandare



Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, gidajenmu kan cika da jimami. Yaro ya nemi likitanci bai samu ba, yarinya ta nemi makarantar nas an ce gurbi ya ƙare, sai mu ɗauka ƙofar asibiti ta rufe musu ke nan. Alhali akwai wata ƙofa da muke wucewa ta gabanta kullum ba mu lura ba, wato aikin akawun ɗakin majinyata da ma'aikacin ɗakin kati.

Wannan ma'aikaci shi ne yake buɗe wa majinyaci fayil, ya ba shi lambar asibiti, ya shigar da shi rajista ranar da aka ba shi gado. Shi yake tabbatar da cewa sakamakon gwajin jini da hoton ƙirji sun shiga fayil ɗin mai su kafin likita ya zo zagaye, ya shirya takardun sallama, ya rubuta ranar dawowa. Kowace safiya kuma ana fitar da lissafin waɗanda aka kwantar, da waɗanda aka sallama, da waɗanda suka rasu, da gadajen da suka rage.

Kada mu raina wannan. Shekarun baya na yi jinyar mahaifiyata a wani asibiti, sai aka kwantar da wata baiwar Allah mai sunanta da sunan mahaifinta, kamar yadda ya zama ruwan dare a ƙasarmu. Aka saka sakamakon gwajin waccan a fayil ɗin tamu. Wata matashiyar akawu ce ta lura cewa lambar da ke kan takardar ba ta dace da ta jikin fayil ba, ta tsayar da komai kafin a rubuta magani. Ba ta taɓa riƙe allura ba, amma ban san wanda ya fi ta yi mana aiki a ranar ba.

Horon wannan aiki yana da tsari. Ana kiran fannin kula da bayanan lafiya, kuma ana koyar da shi a kwalejojin kimiyyar lafiya na jihohi da makarantun da ke ƙarƙashin asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello. Ana yin difloma ta ƙasa ta shekara biyu, mai son ci gaba ya ƙara da babbar difloma. Akan nemi kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Akwai kuma hukumar rajistar jami'an bayanan lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da doka a 1989, mai ba da lasisin aiki. A nan nake roƙon iyaye: kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar hukumar ta amince da makarantar. Makarantun lafiya masu zaman kansu sun yi yawa, kuma takardar da ba ta kai ga lasisi ba, ado ce kawai a bango.

Ɗalibi zai koyi kalmomin likitanci da sassan jikin ɗan'adam, da ƙididdiga, da sarrafa kwamfuta, domin manyan asibitoci suna ta komawa adana bayanai a na'ura. Zai koyi yadda ake bai wa kowace cuta lamba bisa kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda sabon bugunsa na 11 ya fara aiki a 2022. Daga waɗannan lambobi ake gane ko kwalara ko ƙyanda ta fara yaɗuwa a wata ƙaramar hukuma.

Sai dai abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne riƙon sirri. Akawu yana ganin abin da mijin mara lafiya ma bai sani ba, kuma wataƙila unguwarsu ɗaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta bayyana bayanan majinyaci ba tare da izininsa ba, sai a inda doka ta keɓe. Amma doka ba ta kame bakin da bai saba kamewa ba tun yana aji. Wannan kam aikinmu ne. Yaron da muka damƙa wa rajistar aji bai taɓa ɓata ta ba, yarinyar da rubutunta yake fes, wadda ba ta kai gulma ofishin hedimasta, su ne ya kamata mu kira gefe mu faɗa musu akwai wannan hanya.

Ba zan ɓoye muku ba, albashin farko ba mai yawa ba ne, akwai aikin dare, akwai kuma haƙuri da dangin majinyaci da hankalinsu ya tashi. Ina ba da shawarar malaman da ke ba ɗalibai shawara su nemi izinin asibitin da ke kusa, su kai 'yan aji uku ɗakin kati kafin lokacin cike fom ya zo.