Wa ya kashe Romiyo da Juliyet?

Jawabin da aka yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci na Gidan Sori

 

Yau zancenmu a kan wani tsohon wasan kwaikwayo ne. Sunansa Romiyo da Juliyet. Wani marubucin ƙasar Ingila mai suna Shakisfiya ya rubuta shi. An haife shi a 1564, ya rasu a 1616. An fara buga wasan a 1597. Ya fi shekara 400 ke nan, amma har yau ana nuna shi ko'ina cikin duniya.

Abin ya faru a birnin Berona, ƙasar Italiya. Akwai manyan gidaje biyu, gidan Montagu da gidan Kafulet. Gaba ce tsakaninsu tun kaka da kakanni. Ko sau ɗaya wasan bai faɗi mafarin gabar ba. Gadonta kawai suka yi.

Romiyo ɗan Montagu ne. Juliyet ɗiyar Kafulet ce, ba ta cika shekara 14 ba. Sun haɗu wurin biki, suka so juna. Washegari wani malamin Kirista, Fada Loran, ya ɗaura musu aure a ɓoye. A ranar faɗa ya tashi. Tibal, ɗan uwan Juliyet, ya kashe abokin Romiyo. Romiyo ya kashe Tibal. Sarki ya kore shi daga gari.

Uban Juliyet bai san ta yi aure ba. Ya ce zai ba da ita ga wani basarake mai suna Faris. Fada Loran ya ba ta maganin barci na awa 42, don a ɗauka ta mutu. Ya aika wa Romiyo takarda. Annoba ta tsare ɗan aike, takarda ba ta isa ba. Romiyo ya ji an ce matarsa ta mutu. Ya zo kabarinta, ya tarar da Faris, suka yi faɗa, ya kashe shi. Sannan ya sha guba. Juliyet ta farka, ta ga gawarsa, ta kashe kanta. Uwar Romiyo kuma baƙin ciki ya kashe ta. Rai shida cikin ƙasa da mako guda!

To, jama'a, wa ke da laifi? Mu duba zuciyar kowa.

Romiyo yaro ne mai gaggawa. Kafin bikin nan wata yarinya daban yake wa kuka. Duk abin da zuciyarsa ta ce, shi yake yi, ba ya kwana a kansa.

Juliyet ta fi shi hankali. Ita da kanta ta ga abin ya yi sauri. Amma ba ta da wanda za ta gaya wa. Uwarta ta juya mata baya. Tsohuwar da ta rene ta ma ta ce ta haƙura ta auri Faris.

Fada Loran sulhu yake nema. Ya zaci auren zai haɗa gidajen biyu. Sai dai ya bi ta bayan iyaye. Ɓoyo ɗaya ya jawo wani ɓoyon.

Uban Juliyet fa? Ku saurara da kyau. Ba mugu ba ne. Da farko shi ya ce wa Faris ɗiyarsa ƙarama ce, a jira shekara biyu, kuma a nemi yardarta. Daga baya ya ga tana ta kuka. Ya zaci mutuwar Tibal ce, ya ce aure zai share mata hawaye. Da ta ƙi, sai ya ga an raina shi. Ya ce zai kore ta, ta je ta yi bara. Ya yi mata tambayoyi cikin fushi, amma bai tsaya ya ji amsa ba.

Kun ga kowa da dalilinsa. Babu wanda ya yi niyyar kashe yaran nan. Rashin sauraren juna ya kashe su.

Zancen ya shafe mu. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cikin ƴan matan Nijar 100, ana aurar da 76 kafin su kai shekara 18. Yawancin iyaye alheri suke nufi, kamar uban Juliyet. Suna gudun abin kunya ne. Amma addininmu ya ce a nemi yardar ɗiya. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya warware auren Hansa'u ɗiyar Hizamu, wadda ubanta ya aurar ba da sonta ba.

Iyaye, in ɗiya ta ce a'a, ku zaunar da ita ku ji dalili. Samari da ƴan mata, kada ku ɓoye. In kuna jin nauyin baba, akwai gwaggo, akwai kawu, akwai liman. Masu gaba kuma ku tuna: gidajen nan biyu sun shirya, amma a bakin kabarin ƴaƴansu.

Ga tambaya ku tattauna a aji: da kai ne uban Juliyet, me za ka yi a daren da ta ƙi?

Allah ya shirya mana zuri'a.