Mudu a Cikin Majigi: Lacca a kan Jadawali Mai Jiki da Motsi

 

Da aka aiko mini cewa in yi magana a kan yadda ake ƙera jadawalin alƙaluma mai jiki, wanda ke motsi a cikin bidiyo, sai da na yi jim, domin a wannan fage 'ya'yanmu masu sana'ar ɗaukar hoto da haɗa bidiyo da ke bayan zaure sun fi ni saurin hannu nesa ba kusa ba, kuma abin kunya ne furfura ta tsaya tana koya wa ɗan kada iyo. Amma da na sake nazari sai na ga mas'alar tana da fuska biyu, fuskar sana'a da fuskar amana, kuma idan sun riga ni a ta farko, la'alla shekaru sun ba ni abin faɗa a ta biyu.

Abin da nake nufi da jadawali mai jiki kowa a nan ya taɓa ganinsa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne wanda ake nunawa a talabijin daren da ake tattara sakamakon zaɓe, ko ranar da gwamna ya kai kasafin kuɗi majalisa, inda za ka ga ginshiƙai masu tsawo da faɗi da kauri suna tsirowa daga ƙasa kamar dawa a watan Agusta, kowane da launinsa da inuwarsa, kyamara tana kewaya su, alƙaluma suna gudu a bisa kawunansu har su tsaya cak. A takarda jadawali shimfiɗe yake, ido na iya komawa gare shi sau goma. A bidiyo kuwa ya tashi tsaye, ya yi jiki, sa'an nan ya wuce cikin daƙiƙa ashirin, mai kallo bai samu zarafin tuhumarsa ba.

Jera adadi a cikin gidaje domin ido ya kama ma'anarsa ba baƙon abu ba ne a garin nan na Katsina. Malaminmu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya bar ƙasar nan ya tafi aikin hajji, ya kammala littafinsa Bahjatul Afaƙ a kan ilmin haruffa da wafaƙi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Har yau masana hisabi na duniya suna ambaton hanyoyinsa na cika hatimi mai gidaje mara, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Shi kuwa jadawalin ginshiƙai da muka sani, wani mutumin Sikotilan mai suna William Playfair ne ya fito da shi a 1786 domin nuna cinikin ƙasarsu da ƙasashen waje, a 1801 kuma ya ƙaro na faifai, wanda ake yankawa kashi kashi. Duk waɗannan a shimfiɗe suke.

Amma in kuna son jadawali mai jiki na haƙiƙa, wanda aka gina da ƙarfin ƙato tun ba a san kwamfuta ba, to, ku tambayi dattawan da suka ga dalar gyaɗa a Kano. Tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa a hannun attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, aka riƙa jibge buhuna ana jiran taragon da zai kwashe su zuwa Ikko, har suka zama duwatsu masu tsini da ake hangowa daga nesa. Baƙon da ya sauka a tasha ba ya bukatar akawu ya karanta masa lissafi, da ya ɗaga ido ya ƙirga dala ya san ko damina ta yi albarka. To, a nan ne nake so ku ba ni hankalinku, domin duk laccar nan a kan wannan gaɓa take rataye. Idan aka gina dala biyu masu siffa ɗaya, ɗaya ta ninka ɗaya a tsawo, buhunan babbar ba ninki biyu ba ne na ƙaramar, ninki takwas ne, saboda tsawo ya ninka, faɗi ya ninka, kauri ma ya ninka, biyu sau biyu sau biyu. Kowane ɗan dako da ya hau dala da buhu a ka ya san wannan a ƙashin bayansa, ko da bai taɓa zama ajin handasa ba.

Kwanakin baya wani yaro mai hazaƙa ya kawo mini aikin da ya yi wa wani shiri a kan tsadar hatsi, yana ta murna, ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarmata. Yana so ya nuna farashin gero ya ninka, sai ya ƙera buhu biyu, masu kyau ƙwarai, har da zaren ɗinki a baki da ƙwayoyin gero da suka zubo a gefe. Buhun bara yana tsaye, sai na bana ya fara kumbura a gefensa, yana kumbura har ya ninka shi a tsawo, ya cika rabin allo kamar rumbu. Na ce masa, “Ɗana, buhun bara nawa za su shiga cikin wannan?” Ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce, “Baba, ai za su kai bakwai ko takwas.” Na ce, “To, ka rubuta biyu da alƙalami, ka nuna takwas da hoto, wanne kake zaton tsohuwa a Kaita za ta ɗauka?” Bai yi nufin ha'inci ba ko kaɗan. A manhajar da yake aiki da ita, in ka danna harafin S kaɗai, abu yana girma ta kowace fuska, in kuwa ka bi shi da harafin Z sai ya girma sama kawai. Harafi ɗaya ya manta. Gyaran da muka yi a ƙarshe ma ya fi sauƙi, muka bar buhu a girmansa, muka ɗora wani irinsa a kai, bara buhu ɗaya, bana biyu.

Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan tauye mudu da algus da ɓoye aibin kaya, akwai ma sura sukutum da aka sa wa sunan masu tauye awo, kuma a da muhtasibi yakan zaga kasuwa yana gwada mudun 'yan awo da nasa. A ganina, wanda ke zana jadawali ma'auni ne, ginshiƙinsa shi ne mudunsa, bambancin kawai shi ne ɗan awo yana auna wa mutum ɗaya a lokaci guda, shi kuwa yana auna wa dubbai, kuma babu muhtasibin da ke bin sa.

Bari in taɓa sana'ar kanta a gurguje, masu ita su gyara mini. Asalin aiki shi ne alƙaluma, a jere su a Excel ko makamancinsa, a tabbatar da inda suka fito. Daga nan a shiga manhajar ƙira. Masu hali suna amfani da Cinema 4D tare da After Effects, amma ni Blender nake yaba wa yaranmu, domin kyauta ce halal, tun 2002 da jama'a suka yi karo-karo na Yuro 100,000 suka fanso ta, bisa jagorancin mai ƙirƙirarta Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan, aka sake ta ga kowa kamar waƙafi, wanda ya riƙe ta kuwa ya huta da manhajar sata da ke ƙin buɗewa ranar da ake tsananin bukata. A cikinta ake ƙera ginshiƙi ɗaya, a dasa gindinsa a kan sifiri, a kwafe shi gwargwadon adadin da ake so, kuma ya fi kyau a bar kwamfuta ta karanto tsawon kowanne daga alƙaluman da kanta da ɗan rubutun Python, domin hannu yana son zuciya, ja da linzami kuwa ƙiyasi ne.

Motsi kuma ruɗin ido ne mai tsari. Talabijin ɗinmu tana nuna hoto 25 a daƙiƙa ɗaya. Mai aiki ba ya zana su duka, sai dai ya kafa turke biyu, abin da yaran nan ke kira kifirem, ya ce a hoto na 1 ginshiƙi yana ƙasa, a hoto na 50 ya kai matsayinsa, kwamfuta ta cike tsakani. Sa'an nan a zo ga renda, wato lokacin da na'ura ke zama tana lissafa haske da inuwar kowane hoto ɗaya bayan ɗaya, kuma nan ne ake gane mai haƙuri. Bidiyon daƙiƙa 20 hoto 500 ne, in kowane ya ci minti ɗaya, awa takwas ke nan da minti ashirin. Na taɓa kwana ina gadin irin wannan aiki, ana kiran assalatu aka ɗauke wuta, saura hoto kaɗan a gama, kuma da yake mun umarci na'ura ta fitar da shi dunƙule a matsayin bidiyo guda, duk wahalar daren ta tafi a banza. Tun ran nan na koyi cewa a fitar da hotuna ɗaiɗai cikin jaka, in wuta ta yi halinta a hoto na 430, sai a tayar da janareto a ci gaba daga na 431.

Sai babbar fitina, kyamara. Ibn al-Haisam ya yi bayani a Kitabul Manazir, shekara dubu da suka wuce, yadda girman abu a ido yake bin nisansa, na kusa ya cika ido, na nesa ya ƙanƙance. Kyamarar cikin kwamfuta wannan ƙa'ida take bi. Ku ɗauki ƙidayar 2006, wadda ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, Katsina miliyan 5.8. Ratar Kano da Legas kimanin kashi uku cikin ɗari ce kawai, kuma kun san irin ƙurar da wannan 'yar rata ta tayar a ƙasar nan. Yanzu mai jadawali ya jera ginshiƙan a karkace, ya sa na Legas kusa da kyamara, na Kano can ƙurya, wallahi Legas za ta fi tsawo a allo, alhali bai taɓa alƙalami ko ɗaya ba. In ya matso da Katsina gaba sosai, ya kwantar da kyamara ƙasa tana kallon sama, sai ta kere su duka, mu ji daɗi a nan, amma ƙarya ce. Haka faifan Playfair in aka kishingiɗar da shi, yankin da ke gaba yana samun ƙarin kaurin gefe, na baya ya matse. Maganin wannan yana cikin manhajar, akwai nau'in kyamarar da ba ta rage girman na nesa, in kuwa dole sai an kewaya domin ado, to, a kewaya da fari, sa'an nan a zo a tsaya daidai gaba, duk ginshiƙai a sahu ɗaya kamar masallata, a daɗe a nan har mai kallo ya karanta.

Wasu masana biyu a Amurka, William Cleveland da Robert McGill, sun gwada mutane a 1984, suka kuma jera hanyoyin nuna adadi bisa yadda ido ke iya auna su: tsayi a kan gindi ɗaya shi ne kan gaba, kusurwa da faɗin fili suna baya, girman jiki kuwa yana can ƙasa. Saboda haka ni a wurina kauri a jadawali asalinsa makaruhi ne, ba ya zama halal sai da dalili, kamar a ce taswirar Jihar Katsina ce aka shimfiɗa, aka tayar da ginshiƙi a kan kowace daga ƙananan hukumomi 34 domin a nuna ruwan saman da ya sauka, inda faɗi da kauri suka riga suka zama gabas da arewa, adadi bai da wajen tafiya sai sama. Ko a nan ma sai an kula kada ginshiƙin Funtuwa da ke kudu ya tsaya ya rufe na Malumfashi.

Motsi kuwa na fi sassauta masa, domin yana da aikin da takarda ba ta iyawa, wato ɗaukar zamani. Marigayi Hans Rosling, likita ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna haka a wani shirin BBC na 2010, inda ya ba da labarin ƙasashe 200 cikin shekara 200 a minti huɗu, kowace ƙasa ƙwallo ce, tana hawa in tsawon rai ya ƙaru, tana matsawa dama in arziki ya ƙaru. Ku lura, ƙwallayen nasa ba su motsa don burgewa ba, kowane motsi shekara ce ta wuce. Ginshiƙin da ke tsalle ya zarce matsayinsa sa'an nan ya dawo, kamar yadda wasu ke so saboda ƙawa, a cikin wannan rabin daƙiƙa adadin da babu shi yake nunawa, kuma akwai mai tsayar da bidiyo daidai nan ya ɗauki hoto ya watsa a WhatsApp.

Abu na ƙarshe, ya shugaba, na ga kana duban agogo. Yawancin masu kallonku ba a babban allo suke gani ba, a wayar hannu ne, wani lokaci allon ma a tsage, a zaune a bakin shago cikin hasken rana. Saboda haka kafin ku miƙa aiki ku tura shi a ƙaramar waya, ku fita waje ku duba. Ku rubuta adadi ɓaro-ɓaro a kan kowane ginshiƙi, ku rubuta inda kuka samo shi da shekararsa a ƙasa, ku kuma zaɓi irin rubutun da ya san ƙ da ɗ da ɓ, domin sau da yawa nakan ga an rubuta Ƙanƙara ko Ɗanja, wajen harafi mai ƙugiya sai ga akwati fanko. Sa'an nan ku ba wani dattijo wayar, ku rufe muryar, ku tambaye shi wanne ya fi yawa, kuma da kamar nawa. In amsarsa ta yi daidai da abin da ke cikin Excel ɗinku, ku tura wa mai shiri.