Ɗan Majalisarku Ya Ce Ya Kai Ƙudiri? Ku Tambaye Shi Wane Iri

 

Yau da labarin kunyar da na sha zan fara. Akwai wata ƙaramar gada a bakin unguwarmu, ita ce ta haɗa mu da babban titi. Ruwa ya cinye gefenta, damina na kankama mota ba ta iya hawa, mai A Daidaita Sahu ma sai ka roƙe shi. Mace mai naƙuda sai an zagaya da ita ta bayan gari kafin a kai asibiti. Muka haɗa ƙungiya, muka yi ta rubutu a Facebook, muka je gidan ɗan majalisar jiharmu har sau uku. Ran nan kwatsam sai ga bidiyo yana yawo a WhatsApp: ga onarabul a tsaye cikin zauren majalisa, ya sha babbar riga, yana karanta sunan unguwarmu. Aka ce an amince da ƙudirinsa, Kakaki ya buga guduma. Wallahi ni da hannuna na haɗa hoton godiya, har da rubuta "alƙawari ya cika".

Damina biyu ta wuce gadar nan tana nan yadda take.

Da abin ya ishe ni sai na tafi majalisar da kaina. A nan na haɗu da wani dattijo cikin ma'aikatan wurin, na zazzage masa ƙorafina, na ce Baba an amince da ƙudiri amma gwamnati ta ƙi bin doka. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wace doka? Abin da aka yi muku roƙo ne." Na ce roƙo kamar yaya? Ya ce, "Koma ka sake sauraron bidiyon, ka ji kalmar da ya rufe da ita." Na koma na saurara. Ashe cewa ya yi majalisa tana kira ga gwamnatin jiha da ta duba. Kira. Ni da digirina a hannu ban lura ba.

To ga inda gizo ke saƙa. A Hausar labarai, kalma ɗaya muke amfani da ita ga abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba. Na farko shi ne wanda 'yan majalisa ke ce wa moshin. Mamba ya miƙe ya gabatar da matsala, wani ya mara masa baya, a ɗan tattauna, Kakaki ya ce masu goyon baya su ce e, waɗanda ba sa so su ce a'a, a buga guduma. Abin da ya fito daga nan matsaya ce ta majalisa. Akawun majalisa zai aika ta ga ɓangaren zartarwa, kuma a mafi yawan lokuta gwamna ya ga dama ya yi, ya ga dama ya ajiye ta a durowa. Babu kotun da za ka je ka ce a tilasta a gina gada don an yi moshin. Na biyu shi ne bil, wato daftarin doka. Shi wannan in ya bi matakansa har ƙarshe, ya zama doka, ya hau kan kowa har da gwamnan. A rediyo kuwa dukansu "ƙudiri" za ka ji an ce. Shi ya sa ɗan majalisa zai iya zuwa kamfe ya ce na kai ƙudiri ashirin, kuma bai yi ƙarya ba, alhali ko doka ɗaya bai kawo ba.

Kar ku fahimce ni a baibai, moshin ba banza ba ne. Yana sa sunan matsala ya shiga kundin majalisa, yana jawo 'yan jarida, wani lokaci yana sa a gayyaci kwamishina ya zo ya yi bayani. Amma a matsayinsa za a ɗauke shi. Mu da muka ɗauke shi a matsayin kwangila mu muka yaudari kanmu.

Bari mu bi bil ɗin a hankali, don a nan aikin yake. Yana iya fitowa daga gwamna, yana iya fitowa daga mamba. Karatu na farko ba wani karatu ba ne, sunan daftarin kawai ake ambata, ba muhawara. A karatu na biyu ne ake muhawara kan manufarsa: me ya sa ake son dokar, wa za ta amfana, wa za ta taɓa. In ya tsallake, sai a miƙa shi ga kwamiti. Kwamiti ya bi shi sashe-sashe, ya dawo da rahoto, majalisa gaba ɗayanta ta zauna a matsayin kwamiti ta bi gyare-gyaren, sannan karatu na uku, a zartar. Daga nan sai teburin gwamna. Sashe na 100 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya bayyana cewa ya ƙi. In ya ƙi, majalisa ta sake zartar da shi da rinjayen kashi biyu cikin uku, ya zama doka ko bai sa hannu ba. A takarda ke nan. A aikace, ku faɗa mini sau nawa kuka ji majalisar jiharku ta yi wa gwamna haka.

Cikin waɗannan matakan duka, ƙofa ɗaya ce ke buɗe wa ni da kai da ke, ita ce matakin kwamiti. A nan ne ake kiran zaman jin ra'ayin jama'a. Ba sai kana da uban gida ba. Ƙungiya ko mutum ɗaya na iya rubuta takardar ra'ayi ya miƙa wa sakataren kwamitin, ya nemi a ba shi minti biyar. Na taɓa halartar irin wannan zama, zauren ya cika da manyan ma'aikata da lauyoyi da wakilan kamfanoni, matasan da ke wurin ba mu cika benci ɗaya ba. Mu muna can a intanet muna zagin dokar da ba mu karanta ba, waɗanda suka karanta suna ciki suna sauya mata kalmomi.

Sai dai ku sani, tsarin mulki bai wajabta wannan zaman ba. Sashe na 101 ya bar wa kowace majalisa ta tsara ƙa'idojin aikinta, kuma majalisa na iya jingine ƙa'idojin nan da ƙuri'ar mambobinta in tana gaggawa. Kano ta nuna mana wannan sau biyu. A watan Mayun 2019 dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano ta bi duk matakanta cikin 'yan kwanaki, Gwamna Ganduje ya sa hannu ranar 8 ga wata. A ranar 23 ga Mayun 2024 majalisa ta soke dokar masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Ba ina nan ne don in ce wannan ya yi daidai wancan ya yi kuskure ba, na san akwai masu zafi ta kowane ɓangare a cikinku, ku ajiye wuƙaƙenku. Abin da nake so ku gani shi ne gudun da majalisa ke iya yi in tana so. Don haka in aka ce muku daftarin da ya shafi makarantu ko asibitoci ya shekara biyu a kwamiti saboda "ana bin ƙa'ida", ku san ba ƙa'ida ce ta riƙe shi ba.

Mu dawo kan gadarmu. Dattijon nan ya ce mini, "Gada ba a moshin take ba, a kasafi take." Kasafin kuɗi shi ma bil ne. Gwamna ke gabatar da shi kafin sabuwar shekarar kuɗi, galibi a watannin ƙarshen shekara, a rarraba wa kwamitoci, kowace ma'aikata ta zo ta kare nata. A makonnin nan ne ake saka aiki ko a cire shi. Ɗan majalisar da ke son gadarku da gaske, a nan za a ga ƙoƙarinsa: ya bi shugaban kwamitin ayyuka, ya bi na kasafi, har sai an ga layi ɗauke da sunan aikin da adadin kuɗinsa. Kuma ko an saka, saura sakin kuɗin, wanda ke hannun ɓangaren zartarwa. Nan ma majalisa na da makami, don sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincike da ikon kiran kowa ya zo ya ba da shaida kan yadda ake kashe kuɗin da ta ware. Mu a watan Yuni muka yi ta hayaniya, lokacin da ruwa ke cin mu. A watan Nuwamba, lokacin da ake raba kuɗin, ƙasa ta bushe, mun manta.

Wasu kalmomin da za ku riƙa ji, in bi su da sauri. Kakaki, mambobi ne ke zaɓensa daga cikinsu, kuma sai da kashi biyu cikin uku na mambobin ake tsige shi. Ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Shugaban masu rinjaye shi ke jan harkokin jam'iyyar da ta fi yawa, kuma galibi ta hannunsa daftarin gwamna ke shigowa. Bulaliyar majalisa aikinsa tsawatarwa da tattaro 'yan jam'iyya lokacin ƙuri'a. Akawu ma'aikaci ne, ba zaɓaɓɓe ba, shi ke riƙe da takardu. Sandar majalisa kuwa alamar iko ce, bisa al'ada ba a zama sai tana kan teburi, shi ya sa in rikici ya tashi kowa ita yake wawura. Kun tuna Afrilun 2018 da wasu suka kutsa Majalisar Dattawa suka fita da ita ana kallo.

Amma lissafi ya fi sandar muhimmanci. Kowace majalisar jiha tana da mambobi tsakanin 24 da 40. Kano na da 40, Zamfara na da 24. Zama ba ya halatta sai kashi ɗaya cikin uku sun hallara. A majalisa mai mutum 24, takwas sun isa a zauna, kuma a cikin takwas ɗin biyar sun isa su zartar da doka ta yau da kullum. Mutum biyar, 'yan'uwa. Su yanke abin da zai hau kan miliyoyi. Shi ya sa rashin zuwan ɗan majalisarku ba ƙaramin abu ba ne. Dole majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma sashe na 109 ya ce mamban da ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara ba tare da dalili ba, kujerarsa ta tafi. Yaushe rabon da wani ya nemi a nuna masa rajistar halarta?

In kuna ganin ƙa'idojin nan wasa ne, ku tambayi mutanen Oyo. A Janairun 2006 mambobi 18 cikin 32 suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja, bayan sun faro shirin daga wani otal a Ibadan. Sashe na 188 kuwa ya tsara matakai: kashi ɗaya cikin uku su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku su amince a yi bincike, Babban Jojin jiha ya naɗa mutum bakwai su bincika. Kashi biyu cikin uku na 32 ya haura 18. A Disambar shekarar Kotun Ƙoli ta rushe tsigewar, Ladoja ya koma kujerarsa. Joshua Dariye na Filato ma haka, mambobi ƙalilan suka tsige shi a 2006, kotu ta mayar da shi a 2007.

Wani zai ce ai duk Turanci ake yi, ina ruwan talaka. Sashe na 97 ya ce harshen aiki Turanci ne, amma majalisa na iya amincewa ta ƙara da wani harshe da ake yi a jihar. Majalisar Legas ta ware ranar Alhamis tana zama da Yarabanci. Ni buƙatata ma ta wuce muhawara da Hausa. Ina son a riƙa fassara daftarin doka, a manna jadawalin zama a shafin majalisa tun kafin ranar. Wannan abu ne da za a iya nema a rubuce, don akwai kwamitin karɓar koke-koken jama'a, kuma ta hannun mamba ake gabatar da koke a zaure. Ga wanda kuma yake jin zai iya shiga ciki da kansa, tun da Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki a Mayun 2018, shekarun takarar majalisar jiha sun sauko daga 30 zuwa 25. Da yawanku masu saurarona kun kai.

Mu dai a bana mun sauya salo. Mun auno gadar, mun ɗauki hotuna, wani injiniya ɗan unguwa ya yi mana ƙiyasin kuɗi kyauta. Mun rubuta takarda shafi ɗaya, kwafi uku: ɗaya ga onarabul, ɗaya ga shugaban kwamitin ayyuka, ɗaya ga ma'aikatar, kuma kowanne sai da muka tsaya aka buga mana hatimin karɓa. Da muka je wurin onarabul ya fara cewa ai na riga na kai ƙudiri, sai wata ƙanwarmu cikin ƙungiya ta ce, "Ranka ya daɗe, mun gani mun gode. Yanzu layin kasafi muke tambaya." Ya yi shiru, ya dube ta, sannan ya ce a kira masa mai taimaka masa ya kawo biro.

Ko za a saka, ko ba za a saka ba, in kasafin ya fito zan karanto muku shafin a nan. Wanda yake son samfurin takardar tamu ya yi magana a ƙasa, zan tura masa.