Gwaji da Girman Bangaskiya a Ikkilisiyoyin Karkarar Funtuwa da Malumfashi



Mun saba ji daga kan bagade cewa wahala tana ƙara wa mai bi ƙarfi. Bulus ya taɓo batun a sura ta 5 ta wasiƙarsa ga Romawa, Yakubu ma da shi ya buɗe tasa. Ban zo yin jayayya da Nassi ba. Abin da nake so mu duba shi ne, wahala ita kaɗai ba ta gina kowa. Ta sha mayar da mutum mai ɗacin rai, ta raba shi da sujada. Sau da yawa abin da yake raba wanda ya fito da ƙarfi da wanda ya karye shi ne yadda ikkilisiyarsa ta riƙe shi.

Masu bi na wannan yanki ba baƙin gwaji ba ne. Yawancin na ƙauyuka Hausawa ne da iyayensu suka fito daga Maguzanci ta hannun 'yan mishan na SIM, wadda ta haifi ECWA a 1954, da limaman Katolika da suka kafa cibiyar horar da katikis a Malumfashi. Tun farko wanda ya tuba yakan rasa gurbinsa a gandu, wani lokaci har da matar da aka yi masa baiko. A Maris 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Funtuwa, aka ƙone majami'u. Yau kuma 'yan bindiga ne. A Mayu 2022 sun shiga gidan limaman Katolika a Gidan Mai Kambu, cikin ƙaramar hukumar Kafur, suka tafi da Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara, sai bayan kusan wata guda suka dawo.

Kada kuma mu ce mu kaɗai ake nufi. Ɗaliban da aka kwashe a Ƙanƙara a Disamba 2020 sun haura 300, galibi 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi. A Agusta 2025 masu sallar asuba aka buɗe wa wuta a Unguwar Mantau. Faston da ya koya wa jama'arsa cewa kowace garkuwa tsanani ne saboda sunan Almasihu ya hana su ganin hawayen maƙwabci, wannan kuwa ci baya ne a ruhaniya.

Bari mu shiga gidan da aka sace maigida. Ana buga waya, a yanka kuɗin fansa, wani lokaci a haɗa da sabon babur da katin waya. Uwargida ta sayar da shanun huɗa, ta fasa rumbu ta kai masara kasuwa a lokacin da ba ta da daraja, a jinginar da gonar fadama. Maigida ya dawo da tabon ɗauri a ƙafa, ba ya barci, ƙarar babur da dare takan sa ya zabura. Ranar Lahadi a kira shi gaba ya ba da shaida, a yi guɗa, a yi baikon godiya. Ranar Litinin babu wanda ya leƙo. Damina ta faɗi, babu shanu, babu kuɗin taki, masu bashi suna sallama. Gwajinsa na gaskiya a nan ya soma, ba a daji ba, kuma a nan ne muka fi sakaci.

Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna laluben zunubin da ya jawo masa masifa, sai Allah ya tsauta musu. Har yanzu akwai masu wa'azi a cikinmu da suke nuna cewa wanda aka sace ya yi wasa da zakka ko addu'arsa ta yi sanyi. Ina roƙon iyayenmu fastoci da limamai su hana wannan magana hawa bagade. Haka ma "a yi haƙuri" da muke saurin faɗa wa gwauruwa: haƙuri ba ya hana ta kuka, ba ya hana dattawan ikkilisiya zuwa wurin hakimi da shugaban ƙaramar hukuma su nemi tsaro.

Inda na ga girma na gaske, a gona na gan shi. Matasa su kira gayya su nome gonar wanda yake hannun 'yan bindiga. Zumuntar mata su tara kwano-kwano na dawa su kai gidan, ba tare da an karanta sunan kowa ba. Wanda aka kora daga ƙauye ya sami ɗaki a Funtuwa wajen ɗan'uwan da ba ɗarikarsu ɗaya ba. Mai irin wannan hidima ya koyi abin da wa'azin shekara ba zai koya masa ba, wanda aka yi wa kuma yakan sami bakin sake yin addu'a.

Tun 2023 Katsina ta sami dayosis na Katolika, da Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, a kan kujera. ECWA da Angilikan ma suna da ma'aikata a ƙauyukan nan. Ina da shawara biyu ga dukansu. A koya wa masu bishara da katikis yadda ake zama da wanda ya fito daga daji wata da watanni bayan ranar shaida. Sannan kowace ikkilisiya ta ware wani kaso na hatsin godiyar kaka, a ajiye shi da sunan gidajen da bashin fansa ya cinye, a raba musu iri da taki kafin ruwan shuka.