Ƙurar Ƙasarmu a Kan Ma'aunin Bakin Teku

 Shugaban wannan zama, iyayenmu, malamai, ɗalibai, ƴan uwa maza da mata.

Na san akwai mai cewa a ransa: mu da muke Konni, ina ruwanmu da teku? Ruwan da muka sani shi ne na Maggiya da na madatsar Mozage, sai rijiyoyin masu albasa a Galmi. Wanda ke son ganin teku sai ya yi doguwar tafiya zuwa Kwatano ko Legas. To, ku ba ni aron kunnuwanku, domin ƙasar da ke tashi daga Sahara da Sahel ta riga mu isa can.

A tsibiran Kef Bad, kimanin kilomita 570 yamma da Senegal, akwai tsibirin Sao Bisente. A gefensa na arewa maso gabas, wurin da ake kira Kalyawu, an kafa tashar auna iska a 2006, da haɗin gwiwar hukumar yanayi ta ƙasar da masana daga Ingila da Jamus. Hasumiya ce mai tsawon mita 30 a kan baƙin dutse, dab da inda igiyar ruwa ke bugu. Bututu na zuƙo iska daga samanta zuwa na'urorin da ke ƙasa, dare da rana.

Me ya sa sai bakin teku? Ku dubi mai awon gero a kasuwa. Kafin ya cika tiya, sai ya kife ta ya kakkaɓe, kowa ya ga babu komai ciki. Iskar da ke isa Kalyawu kusan kullum daga arewa maso gabas take, ta yi kwanaki a kan ruwa, ba ta bi ta tashar mota ko murhu ba. Ita ce tiyar da aka kakkaɓe. Sai ka san yadda iska take ba tare da hayaƙin gari ba, sannan ka iya cewa ga abin da mutum ya ƙara mata.

Shekara biyu da buɗe tashar, a 2008, ayarin Farfesa Lucy Carpenter ta Jami'ar York ya buga wani sakamako a mujallar Nature. Akwai iskar da ake kira ozon. Can sama tana tare mana zafin hasken rana mai cutarwa, amma a nan ƙasa tana ƙona huhu, tana rage yabanya, tana ƙara ɗumamar duniya. Sun gano cewa a saman tekun nan ozon na lalacewa fiye da yadda lissafin kwamfuta ya nuna, da kusan kashi 50 cikin ɗari. Masu cinye shi sinadarai biyu ne da teku ke fitarwa, buromin da aidin, aidin ɗin nan da ake sa wa gishiri don maganin maƙoƙo. Shekara da shekaru ana lissafi ba tare da su ba, har sai da aka je bakin ruwa aka auna.

Yanzu mu zo kan namu. A tashar ana sa farar matata, kamar takarda, iska ta ratsa ta. Ranar da iskar teku ce zalla, sai a cire ta kusan fara, da ɗan gishiri. Ranar da hazo ya iso kuwa, sai ta fito ja-ja, kalar da duk matar da ta bar kwano a tsakar gida cikin hunturu ta sani. Ƙurar da kake sharewa a kan sirdin babur da safe, wadda ke dusashe ganyen albasa, wadda ke sa rana ta zama kamar farin faifai har ka kalle ta ido da ido, irinta ce ake ɗora wa ma'auni a can. Ɗaya daga cikin manyan tushenta shi ne ƙwarin Bodele a arewacin Cadi, kwancen tsohon tafki, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Enedi ta fito da ƙarfi. Wani binciken hukumar NASA na 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin yammacin Sahara kowace shekara, kusan miliyan 28 daga ciki na sauka a dajin Amazon, ɗauke da fosfaras kimanin tan 22,000, wato taki. Wadda ta faɗa teku kuma tana kai ƙarfe ga ƙananan tsirran ruwa da kifi ke rayuwa a kansu.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na tsibirin Barbados, a ɗaya gaɓar tekun. Tun 1965 ake tara ƙura a matata a can, aikin da Farfesa Joseph Prospero na Jami'ar Miami ya riƙe shekaru da dama. Da fari ya kama Sahel, ƙurar da ke isa can ta yi ta hauhawa, har a farkon shekarun 1980 ta kai ninki huɗu na abin da aka gani a tsakiyar shekarun 1960. Dattawan da ke zaune a nan sun ga 1973, sun ga 1984, sun ga shanu na faɗuwa a bakin hanya. Ashe lokacin da rumbunanmu suka zama wayam, wani a nisan dubban kilomita yana ganin alamar a kan takardarsa. Bai iya ganin haka ba sai don ya fara awo tun kafin masifar, kuma bai daina ba.

Mu ma ba a bar mu haka ba. A Banizumbu, kimanin kilomita 60 gabas da Yamai, akwai tasha da ke auna ƙura tun 2006, ɗaya daga cikin uku da aka jera a layi: ita, da Sinzana a Mali, da Mbur a gaɓar tekun Senegal. An kafa su ne don auna ƙwayoyin ƙura da ba su kai mikron 10 ba, masu shiga ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada su wuce mikrogiram 45 a kowace kubik mita ta iska a yini guda. A Banizumbu, ranar hazo mai ƙarfi, sukan haura 1,000.

Amma Banizumbu ba yankinmu na Adar ba ne. Tsakaninmu da Yamai fiye da kilomita 400 ne, kuma iskarmu tana da nata kayan. Muna da babbar hanya da manyan motoci ke bi zuwa iyaka, muna da masana'antar siminti a Malbaza, muna da hayaƙin itace da na injin ban-ruwa. Ban tsaya nan don in ɗora wa kowa laifi ba. Tambaya nake: cikin abin da yaro ke shaƙa a watan Maris, nawa ne daga Bodele, nawa daga gonar da aka share ƙarƙaf, nawa daga hanya da murhu? Mun san sanƙarau yakan zo da rani, lokacin ƙura da bushewar hanci, ya lafa da saukar ruwan farko. Da muna da awon kowace rana, da likitocinmu sun ajiye shi kusa da littafin marasa lafiya sun ga ko ƙura na riga cutar zuwa da mako ɗaya ko biyu.

Ga kuma Illela. Tun ƙarshen shekarun 1980 manoman Badagishiri da kewaye ke haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka, suna zuba taki, suna mai da faƙo gona. Mun ga gero, mun ga gawo ya dawo. Ko wannan aikin ya rage ƙurar da ke tashi? Ina kyautata zaton haka, kuma ina son ranar da za a nuna shi da adadi, don gumin mutanen nan ya cancanci shaida.

Abin da nake roƙo bai kai hasumiyar Kef Bad ba. Sanda mai ƴan mitoci a kan tudu, arewa maso gabas da gari, nesa da kwalta. Na'urar auna ƙura, allon hasken rana, da akwatin matatai. Abin da ya fi waɗannan wuya shi ne mutum: wanda zai je ya canza matata ran Sallah da ran kasuwa, a biya shi haƙƙinsa ko bayan masu tallafi sun naɗe tabarmarsu. Jami'ar Tawa tana da ɗalibai, kuma na ga wasunsu a layin baya suna rubutu. Shugaban zama, in hukumomin Konni da Malbaza da Illela za su ba da fili da mai gadi, ana iya sa matata ta farko kafin hunturu mai zuwa ya shigo.