DA WANE MUDU MUKE AUNA CI GABANMU?

 

Kwamitin biki ya roƙe mu mu yi magana a kan yadda mutum zai san ko yana matsawa kusa da abin da ya sa a gaba, da kuma ko ransa ya gamsu. Kan maganar ya dace da ranar, gama jubili kansa lissafi ne. A Littafin Firistoci sura 25 an umarci Isra'ilawa su riƙa ƙidayar shekaru bakwai sau bakwai, wato 49. A ta hamsin, gonar da talauci ya sa aka sayar sai ta koma hannun gidan masu ita, wanda ya sayar da kansa ga bauta kuma a sake shi. Gona da 'yancin mutum, su aka duba. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yawancinmu yau da naira muke auna kanmu, mudun nan kuwa ya huje. Sa'ad da iyayenmu suka kafa wannan Ikkilisiya, naira jaririya ce, gama a Janairu 1973 ta maye gurbin fam da sule. A lokacin naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Saboda haka idan ɗan'uwa ya ce abin da yake samu ya ninka na mahaifinsa sau ɗari, kada mu yi saurin tafa masa. Mai yiwuwa tsohon ya fi shi cika tukunya.

Mudu na biyu ya fi wannan haɗari, shi ne maƙwabci. Da can maƙwabcinka yana bayan danga, ka san bashinsa kamar yadda ka san rigarsa ta Lahadi. Yanzu yana cikin waya. Saurayi ya buɗe Facebook ya ga sa'ansa a Legas ko Abuja jingine da mota, bai san ko ta maigidansa ce ba, sai barci ya ƙaurace masa. Daga nan ake fara zancen sayar da gona. Mun ga gidajen da suka saki gonar gado don a sayi babur a shiga birni acaɓa. A Janairu 2013 gwamnatin Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni. Babur ya tsufa, gona kuwa tana hannun wani. Mu ba mu da dokar da za ta maido da ita a shekara ta hamsin. Ga jama'a irin tamu, wadda ba ta da yawa, duk gonar da ta fita, gida guda ne ya kama hanyar tashi daga garin.

To, da me iyayenmu suka auna? Da dami. Ba su yi boko ba, amma kowane maigida ya san dami nawa na dawa da na gero ya shiga rumbu bana, nawa ya shiga bara, ya kuma san watan da rumbun ya kan yi ƙasa. Idan bara hatsi ya ƙare a Yuni, bana kuwa ya kai Agusta, ba ya bukatar wani ya gaya masa ya ci gaba. Sun ga farin 1973. Sun ga cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, amfanin da ya sa aka san Kano da dalar gyaɗa. A irin waɗannan shekaru, wanda ya san watannin abincin da ke rumbunsa shi ne ya san ranar da zai rage mudun tuwo da ranar da zai sayar da akuya, tun kafin yunwa ta yanke masa shawara.

Shawararmu ita ce mu ɗauki wannan hikima mu sa ta a takarda. Kowane gida ya ajiye littafin rubutu guda, irin na 'yan makaranta. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, kafin hidimar Kirsimeti ta ɗauke hankali, maigida da uwargida su zauna tare. Mun ce tare, gama awaki, kaji, adashi da ribar ƙuli-ƙuli ko daddawa, ita ce ta san lissafinsu, sau da yawa kuwa su suke biyan kuɗin makaranta. A rubuta watan da hatsi ya ƙare. A rubuta bashin da ake bin gidan, da buhu nawa zai biya shi, ba da naira kaɗai ba. A rubuta ajin kowane yaro, da ko ya iya karatu da gaske, don haye aji dabam, iya karatu dabam. Sa'an nan a zaɓi buri ɗaya ko biyu na baɗi, a ba shi adadi da lokaci. “Zan gina ɗaki” fata ne kawai. “Bulo 300 kafin ƙarshen Maris” abu ne da za a iya ƙidayawa.

Saura tambayar gamsuwa, wadda rumbu ba ya amsawa. Tun 2012 ake fitar da rahoto kan farin cikin mutanen ƙasashen duniya. Masu binciken sukan ce wa mutum ya ɗauki rayuwarsa kamar tsani mai matakala daga 0 zuwa 10, ya faɗi inda yake tsaye. Tambayar ba ta da tsada, mu ma za mu iya yi wa kanmu ita. Amma miji ya rubuta lambarsa, mata ta rubuta tata, kada ya amsa mata. Idan shi ya ce 8 ita ta ce 3, zaman wannan daren ya sami abin tattaunawa. Akwai kuma binciken da Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara a 1938, tana bin rayuwar ɗaruruwan mutane daga ƙuruciya har tsufa. Abin da ya fi fitowa fili shi ne, waɗanda suke da kyakkyawar dangantaka da iyali da abokai su suka fi lafiya da jin daɗi a tsufansu. Tsofaffinmu za su ce ai wannan ba sai an je Amurka ba. Gaskiyarsu. Duk da haka muna da 'yan'uwa ciki ɗaya da suke zama a benci ɗaya ran Lahadi, ba sa gaisawa saboda iyakar gona. Don haka a shafin ƙarshe a rubuta sunan wanda ba a ga maciji da shi. In sunan nan ya sake fitowa shekara uku a jere, a nemi dattawa.

Kada littafin nan ya zama bulala. Akwai gwauruwa, akwai mai jinya, akwai wanda ruwa ya ci gonarsa. Gidan da ya fita daga shekara irin ta 2023, da aka janye tallafin man fetur aka kuma yi ƙarancin takardun kuɗi, bai sayar da gona ba, bai cire yaro daga makaranta ba, ya rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Ba za a karanta littafin kowa a majami'a ba, Pasto ma ba zai nemi gani ba sai in an kawo masa.

Magatakarda zai tsaya a bakin ƙofa bayan an tashi, kowane gida ya karɓi littafi ɗaya. Iyayenmu da ba sa rubutu su zaɓi jika ko wani matashi da suka amince da bakinsa, ya rubuta musu.