Ƙanƙara da Ruwa a Kan Dutsen Kilimanjaro: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi bayani kan hawan Dutsen Kilimanjaro, saboda shawarar da wasu suka kawo cewa ƙungiya ta ɗauki nauyin ɗalibai kaɗan su je can yawon buɗe ido. Ina goyon bayan shawarar, amma tun da na hau dutsen, wajibi ne in gaya muku abin da zai tarye su. Kowa ƙanƙara yake zuwa kallo, alhali maganar ruwa ce ke raba wanda zai kai ƙololuwa da wanda za a sauko da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.

Dutsen yana ƙasar Tanzaniya, kusa da iyakar Kenya, tsayinsa mita 5,895. Domin mu gane, Chappal Waddi da ke Taraba, wanda babu kamarsa a Nijeriya, mita 2,419 ne. Malamanmu na labarin ƙasa sun koya mana cewa duk mita dubu da mutum ya hau, sanyi na ƙaruwa da wajen digiri shida, shi ya sa ake samun ƙanƙara dab da ikwaita. A 1848 wani Bajamushe ɗan mishan, Johannes Rebmann, ya ba da labarin ganin farin abu a kan dutsen, masana a Ingila suka ƙaryata shi. Sai a 1889 Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka kai ƙololuwa.

To, ƙanƙarar iri biyu ce. Akwai dusar da ke zuba lokacin damina, wadda kan ɓace cikin 'yan kwanaki ko makonni. Akwai kuma tsohuwar daskararriya, mai tsayuwa kamar katangar birni, ita ce ke ƙarewa. A 1912 ta rufe fili wajen murabba'in kilomita 11, zuwa 2011 ba ta kai biyu ba. Abin mamaki, yawancinta ba narkewa take yi ta kwarara ba. Busasshiyar iska da zafin rana ke shanye ta, kamar yadda wanki ke bushewa da hunturu. A 2022 hukumar UNESCO ta yi hasashen cewa zuwa 2050 da wuya a tarar da sauranta.

Wannan ya kawo mu ga ruwa. Ƙoramun da mutanen Chagga ke shayar da ayaba da kofi da su a gindin dutsen, daga kurmin da ya zagaye ƙugunsa suke fitowa, inda ruwan sama da hazo ke sauka. Kana wuce kurmin ruwa na janyewa. A hanyar Marangu, wadda na bi daga garin Moshi, masauki uku ne: Mandara a wajen mita 2,700, Horombo a 3,720, sai Kibo a wajen 4,700. Gaba da Horombo akwai wani allo da ke sanar da kai cewa nan ne ruwa na ƙarshe. Daga nan sai fili fetal, tsakuwa da ƙura, ba ciyawa. Duk ruwan da za a sha ko a yi girki da shi a Kibo, 'yan dako ne ke ɗauko shi a ka, saboda haka a sa haƙƙinsu cikin lissafi tun daga gida.

Ana so mutum ya sha lita uku zuwa huɗu kullum, ko bai ji ƙishirwa ba, don sanyi na ɓoye ta. Iskar can busasshiya ce, kowane numfashi na tafiya da ruwan jiki, ga ƙarancin iskar shaƙa da ke kawo ciwon kai da amai. Wanda ya fara tangaɗi ko magana ta rikice masa, maganinsa ɗaya, a sauko da shi nan take. Ruwan ƙorama kuwa, komai haskensa, sai an tafasa.

Daren ƙarshe da tsakar dare ake tashi, lokacin da tsakuwar ta daskare ta daina zamewa. Ruwan gora kan zama dutse a hanya, don haka ake zuba mai ɗumi, a sa cikin riga. Jagorori ba su da waƙa sai "pole pole", wato sannu sannu da Suwahili. Masu sallah su tanadi niyyar taimama a Kibo.

Game da lokaci, a guji Maris zuwa Mayu, da kuma Nuwamba, damina ce: laka a ƙasa, dusa mai rufe hanya a sama. Janairu da Fabrairu sun yi, haka ma Yuli zuwa Oktoba, wanda ya dace da dogon hutun ɗalibai. Ina roƙon kwamiti ya yi kasafin kwana shida maimakon biyar, a ƙara kwana ɗaya a Horombo don jiki ya saba, kuma likita ya duba kowane yaro kafin a saya masa tikiti.